Rawar ƙwayar ido a jarirai: Abin da gwajin retina ke ganowa da inda ya kamata Maradi ta fara

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabbin shawarwari kan kula da mai jego da jaririnta. Ɗaya daga cikinsu shi ne a duba idon kowane jariri a cikin makonni shida na farkon rayuwarsa, a kuma tanadi inda za a tura wanda aka ga yana da matsala. A Tsibiri da Jiratawa da unguwannin birnin Maradi, makonni shida ɗin nan sun yi daidai da lokacin da mai jego ke gama wanka ta yi arba'in, sun kuma yi daidai da ranar da ake kai jariri allurar rigakafi ta farko bayan wadda ake yi masa da haihuwa.

Daga wannan lokaci ne kuma wata alama ke fara bayyana a idon wasu jarirai. Ƙwayar ido ta riƙa kaɗawa da kanta, galibi dama da hagu, wani lokaci sama da ƙasa ko kamar tana juyawa, jaririn kuma ba ya iya tsayar da ita. Likitoci na kiran wannan nistagmus. Ya bambanta da rawar fatar ido da ake cewa mutum zai ga baƙo, ya kuma bambanta da harara-garke, inda ido ɗaya ke karkata gefe ya tsaya.

Yawanci rawar na fitowa tsakanin mako shida da wata shida da haihuwa. Wani binciken da aka wallafa a 2009 kan mazauna yankin Leicestershire na Ingila ya gano cewa kimanin mutum 24 cikin kowane 10,000 na da ita, yara da manya. A jiha irin Maradi, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane miliyan 3.4, kuma binciken lafiya na shekarar ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya fiye da takwas a matsakaici, ko ciwon da ba kasafai ake gani ba yana shafar gidaje masu yawa.

Alama ce, ciwon na wani wuri

Ido na koyon tsayawa kan abu ne a watannin farko na rayuwa, kuma sai hoto mai kyau na isa ƙwaƙwalwa yake koyo. Idan wani abu ya tare hoton, ko tantanin da ke karɓarsa bai yi aiki ba, ko jijiyar da ke kai shi ƙwaƙwalwa ba ta girma yadda ya kamata ba, sai ido ya rasa abin da zai kama ya fara kaɗawa. Don haka jarirai biyar na iya zuwa asibiti da rawar ido iri ɗaya, amma ciwonsu ya zama biyar daban-daban. Wani aikin tiyata yake buƙata cikin makon, wani tabarau, wani kuma zai girma ya yi karatu ya yi sana'a da ganinsa mai ɗan rauni.

Wannan ne ya sa jinkiri ke da tsada. A gidaje da dama, idan aka ga idon jariri na rawa, akan fara da cewa zai daina idan ya girma. Wasu su danganta shi da iska ko kambun baka, a nemi rubutu ko turare, a ƙara kwalli. Kafin a kai ga likitan ido, yaron ya fara rarrafe ko tafiya. Ga wasu cututtukan wannan jinkiri ba ya canja komai, ga wasu kuma shi ke raba mai gani da makaho.

Abin da ƙaramar fitila ke iya kamawa

Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai sauƙi ne. A ɗaki mai duhu, ma'aikacin lafiya zai haska idon jariri da fitilar duba ido daga nisan kamu ɗaya ko biyu. Idan hanyar haske a buɗe take, tsakiyar baƙin idon zai mayar da haske ja ko ruwan lemo, iri ɗaya a idanu biyu. Idan aka ga fari, ko duhu, ko ido ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa, sai a tura jaririn wurin likitan ido ba tare da jira ba. Gwajin ba ya cin minti biyu.

Babban abin da yake kamawa shi ne yanar ido da ake haihuwar jariri da ita. Mutane sun fi sanin yana a idon tsofaffi, inda dattijo zai iya jira shekara guda a yi masa aiki ya gani sarai. Jariri ba shi da wannan sarari. Likitocin idon yara na son cire yana mai kauri kafin mako shida idan ido ɗaya ne, kafin mako takwas zuwa goma idan idanu biyu ne. Idan aka wuce, ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da rashin hoto, kuma rawar ido a irin wannan jariri na nuna cewa lokaci ya fara ƙurewa. Har a lokacin aikin na da amfani, sai dai ganin da za a samu ba zai kai na wanda aka yi wa da wuri ba. Gado na cikin abubuwan da ke kawo wannan yana, haka ma cutar rubela, 'yar'uwar ƙyanda, idan ta kama uwa a farkon ciki.

Fitilar ɗaya ce ke kama sankarar ido ta yara, wadda ke sa tsakiyar ido ya yi fari yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Ba kasafai take farawa da rawar ido ba, amma ita ce mafi haɗari a cikin jerin. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa shekara uku bayan gano cutar, sama da kashi 99 cikin 100 na yaran ƙasashe masu arziki suna raye, a ƙasashe matalauta kuwa kashi 57 ne. Babban dalilin wannan tazara shi ne makara wajen zuwa asibiti.

Sai zabiya. Kusan kowane zabiya na da rawar ido, domin rashin launi a jiki na tafiya tare da rashin cikar tsakiyar tantanin gani. A Afirka kudu da Sahara an ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 15,000 zabiya ne. Galibi ba a buƙatar na'ura kafin a gane shi. Akwai kuma nau'in da ke shafar ido kaɗai, fatar yaron ta yi kusan daidai da ta 'yan'uwansa, wanda sai likita ya duba da kyau yake ganewa.

Idon da ke kama da lafiyayye

Matsalar da ta fi ɗaure wa likitoci kai ita ce jaririn da idonsa ke rawa, aka haska babu yana, aka leƙa can ciki komai na nan kamar lafiya lau. A nan ne gwajin retina ke shigowa.

Retina wani siririn tantani ne da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido daga ciki. Ita ke karɓar haske ta mayar da shi saƙon lantarki, jijiyar ido ta kai shi ƙwaƙwalwa. Tana da ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske: kimanin miliyan 100 masu aiki a duhu, da kimanin miliyan 5 masu aiki da rana, waɗanda da su ake bambance launi da karanta ƙananan rubutu. Cututtukan gado da dama na kashe aikin waɗannan ƙwayoyi tun daga haihuwa, amma kamannin retinar ba ya canjawa sai bayan shekaru. Likita zai duba ya ga tantani mai kyau, alhali ba ya aiki.

Gwajin ERG na auna aikin ne kai tsaye. Kamar yadda ake manna wayoyi a ƙirji a ga bugun zuciya a takarda, haka ake sa siririn zare a gefen ido, ko a manna wata 'yar takarda mai waya a fatar da ke ƙarƙashinsa, a walƙa haske, na'ura ta zana amsar da retina ta bayar. Ba yanka, ba huda. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta fara fitarwa a 1989, ana zaunar da majinyaci a duhu na minti 20 a auna ƙwayoyin dare, sannan a bar shi cikin haske na minti 10 a auna na rana, har da haske mai walƙawa sau 30 a daƙiƙa. Jariri na iya yin gwajin a cinyar uwarsa, wani lokaci kuma sai an ba shi maganin barci. Da yake retinar jariri ba ta gama nuna ba a watannin farko, akan maimaita gwajin idan ya ɗan tasa.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun 1865 wani masani ɗan Suwidin, Frithiof Holmgren, ya auna wannan lantarki a idon kwaɗo. Abin da ya canja a 'yan shekarun nan shi ne girman na'urar. A da sai ɗaki guda da kayan aiki masu tsada, yanzu akwai ta hannu mai batir irin su RETeval, wadda ma'aikaci zai iya ɗauka ya je da ita wurin yaro.

Abin da sakamakon ke faɗa wa iyaye

Idan layin da na'urar ta zana ya kwanta shafal a duhu da haske, wannan na nuni ga makantar gado da likitan Jamus Theodor Leber ya fara bayyanawa a 1869. Irin waɗannan yara kan yawaita danna idonsu da yatsa. Sama da ƙwayoyin gado 20 ke haddasa ta, kuma wasu daga cikinsu na taɓa ƙoda, don haka gano ta na sa likita ya sa ido kan ƙodar yaron tun kafin ta nuna alama. A watan Disamba na 2017 Amurka ta amince da maganin Luxturna ga masu nau'i ɗaya kawai na cutar, a kan dala 850,000 na idanu biyu, wato kusan sefa miliyan 500. Babu wanda zai ce wa magidanci a Jiratawa ya nemi wannan. Amfanin sani a wurinsa shi ne ya daina sayar da awaki yana bin masu magani, ya fara shirya wa ɗansa karatun makafi da wuri.

Idan ƙwayoyin dare na aiki, na rana ne suka mutu, yaron ba zai bambance launi ba, hasken rana kuma zai riƙa damunsa ƙwarai, ya yi ta runtse ido, ya fi sakewa da magariba. Wannan na samun mutum ɗaya cikin kimanin 30,000, kuma yawanci ba ya ƙaruwa. A garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afirilu, baƙin tabarau da malafa na canja rayuwar irin wannan yaro.

Akwai kuma dundumin gado, wanda ERG ke nuna shi da wani zane na musamman. Bambance shi da dundumin da rashin sinadarin bitamin A ke kawowa na da muhimmanci a yankin da tamowa ke yawan kama yara, domin na tamowa yana warkewa da magani da abinci, na gado kuwa tabarau da lura yake buƙata.

Idan kuma ERG ya fito lafiya, shi ma amsa ce. Hankalin likita zai koma kan jijiyar ido, ko zabiyancin ido, ko rawar idon da ba ta da wani ciwo a bayanta, wadda masu ita da yawa ke gani gwargwado.

Kai za a fara dubawa ko ido?

Iyayen da ke da hali kan yi tunanin hoton ƙwaƙwalwa da zarar sun ga ido na rawa, wasu ma'aikatan lafiya ma can suke fara turawa. Wani binciken da likitocin Jami'ar Iowa ta Amurka suka wallafa a 2017 kan yara 202 ya nuna cewa zabiyanci ne kan gaba da kashi 19 cikin 100, sai makantar Leber da kashi 14. Inda aka fara da hoton ƙwaƙwalwa, an gano ciwon a kashi 16 ne kawai. Inda aka fara da ERG, an gano shi a kashi 56. Darasin shi ne, jaririn da ke shan nono yana girma lafiya, ba abin da ke damunsa sai rawar ido, likitan ido ya kamata ya fara gani.

Akwai lokacin da lissafin ke juyawa. Idan rawar ta fara bayan wata shida, ko a ido ɗaya take, ko ta zo da amai, farfaɗiya, girman kai fiye da kima, ko yaron ya daina yin abin da ya riga ya iya, to ƙwaƙwalwa ce abin dubawa, kuma da gaggawa.

Inda Maradi ta tsaya

Tsibiri na cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma cikin ta Madarunfa, amma dukansu a bakin Maradi suke, tafiyar kabu-kabu. Birnin na da babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru, da cibiyar kula da uwa da yaro, da asibitin ido na Makka na gidauniyar Al-Basar, ga kuma tsangayar koyon aikin likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Idan aka kwatanta da ƙauyukan arewacin Dakwaro, mazauna waɗannan garuruwa na kusa da taimako. Abin da ke hana jariri isa da wuri shi ne rashin wanda zai duba idonsa a ranar da ya dace, ya ce wa uwar ta tafi yau.

Ƙwararru ba su da yawa. Alƙaluman 2015 sun nuna ƙasashe matalauta na da likitan ido ƙasa da huɗu ga kowane mutum miliyan ɗaya, ƙasashe masu arziki kuwa sama da 70. Shirin kula da lafiyar ido na Nijar ya daɗe yana fama da amodari da yanar tsofaffi, waɗanda su ne suka fi makantar da mutane da yawa, kuma ba wanda zai ga laifin wannan zaɓi. Amma yaron da ya makance a shekararsa ta farko zai iya yin shekara sittin a haka, yawanci tare da wani ƙane ko ƙanwa da aka cire daga makaranta don ya yi masa jagora.

Wanda aka tura gaba kuma tafiya ce a gabansa. Yamai ta fi kilomita 600 daga Maradi. Kano, inda asibitin ido na ECWA yake tun shekarun 1940, ba ta kai rabin wannan nisa ba, shi ya sa iyalai da dama ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wadda ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, ya nuna haɗarin dogaro da asibitin da ke wata ƙasa ga ciwon da ake ƙidaya lokacinsa da makonni. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, sai dai jinkirin biyan asibitocin kuɗinsu ya daɗe yana raunana tsarin, kuma kuɗin mota da masauki da tabarau daga aljihun uba suke fitowa.

Mene ne na farko?

Da kuɗi kaɗan a hannu, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara daga ƙasa. Na farko, fitilar duba ido a kowace CSI da ɗakin haihuwa, da horar da ungozoma da mai allurar rigakafi. Akwai irin su Arclight, wadda aka ƙera a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, tana caji da hasken rana, don haka ɗaukewar wutar Nigelec ba ta hana ta aiki. Jariri na zuwa rigakafi a mako 6 da 10 da 14, daidai lokacin da rawar ido ke fitowa. Layi ɗaya a katin rigakafi da za a rubuta an duba ido zai sa a san wanda aka tsallake. Wakilan lafiya na unguwa da ke bi gida-gida da damina suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata uku za su iya ƙara tambaya ɗaya ga uwa: idon yaron nan na tsayawa ya kalle ki?

Na biyu, hanyar turawa mai sauri, ta yadda jaririn da aka ga fari a idonsa ba zai bi layin tsofaffi masu jiran aikin yana ba.

Na uku ne ERG. Ko a Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba, manyan cibiyoyi ne. Na'urar hannu guda ɗaya a Maradi, da ma'aikaci ɗaya ko biyu da suka ƙware, na iya ɗaukar yaran jihar har da na Tawa da Damagaram, a tura zanen ta intanet ga masani a duk inda yake ya fassara. Amma idan aka sayi na'urar kafin a gina matakai biyu na farko, za ta zauna a kabad tana jiran yaran da ba a turo ba.

Gado da makaranta

Yawancin cututtukan retina da aka ambata sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, ba tare da su kansu suna da ciwon ba, kamar yadda yake a sikila. Idan haka ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Wannan bayani na da amfani ga matan da ake ɗora wa laifi su kaɗai idan yara biyu ko uku suka zo da matsala iri ɗaya, har ta kai ga saki. Yana kuma sa a kawo jariri na gaba a duba shi tun kafin suna.

A makaranta, yaro mai rawar ido kan karkatar da kai gefe, domin akwai kusurwar da idonsa ke lafawa ya ga allo. Malamin da bai sani ba zai ɗauka raini ne ko rashin hankali, ya tilasta masa miƙe kai. Takarda daga likita da ke cewa a zaunar da shi gaba, a bar shi ya karkata, a rubuta masa manyan baƙaƙe, ta isa ta riƙe yara da yawa a aji, a boko da makarantar allo. Waɗanda ganinsu ya yi rauni sosai kuma akwai karatun rubutun makafi, irin wanda ake koyarwa a makarantar Soli Abdourahamane ta Yamai.

Ga iyaye, ƙa'idar da likitocin ido ke bayarwa a taƙaice take: jaririn da ya kai wata uku bai kallon fuskar uwarsa yana bin ta da ido, ko ƙwayar idonsa na kaɗawa, ko an ga fari a tsakiyar baƙin, a kai shi wurin likitan ido a cikin makon, kada a jira ranar rigakafi ta gaba.